GARIN NEMAN GIRA

'Yan'uwa ɗalibai, da yayyenmu da suka riga mu kama aikin gwamnati, muna roƙon ku ba mu aron hankalinku a kan wata magana da za ku ɗauka ƙarama ce, har ma wataƙila wani ya ce mujallar ƙungiyar ɗalibai ta rasa abin bugawa. Maganar ido ce, da fatar da ke kewaye da shi, da kuma wani ɗan faifai mai laushi kamar ɓawon albasa wanda ya shigo mana gari ba sallama. 'Yan mata suna kiransa kwantak, mu kuwa a nan za mu kira shi tabaran cikin ido, domin a kan ƙwayar ido ake ɗora shi.

Ga abin da ya tayar da zancen. A hunturun da ya wuce an yi bikin wata 'yar'uwarmu ɗaliba a Gidan Dare, a gidan da wasunmu suke haya. Ranar kamu mai kwalliya ta iso da akwatinta, ta gama da hoda da jagira, sa'an nan ta fito da wani ɗan ƙoƙon roba mai baki biyu, ta ce saura ido, za a mayar da shi ruwan toka. Amarya ta ɗaga hannu ta tsayar da ita, ta ce tana da tambaya. Ta karanta a waya cewa wai jan fatar ido ƙasa domin a saka wannan abu yana sa tamoji ya fito wa mace da wuri, shin gaskiya ne? Mai kwalliya ta kwantar mata da hankali, ta ce a hankali za ta ja, kuma akwai man da ake shafawa daga baya. Shi ke nan magana ta ƙare. Duk cikar ɗakin nan, da masu karatun kimiyya a ciki, ba wadda ta tambayi inda faifan ya fito, ko idon wa ya kwana a ciki makon jiya, ko kuwa mai kwalliya ta wanke hannu. Da ruwan leda aka ɗauraye shi. Amarya ta wuni da shi, ta je liyafa da shi, gajiya ta sa ta kwana da shi. A rana ta uku idonta na hagu ya kaɗa ya yi jawur, yana zubar da ruwa, ba ta iya kallon ko hasken taga. Aka ɗiga ruwan sukari, aka sayo maganin ɗigawa a kemis, sai a rana ta biyar aka kai ta asibiti. Allah ya tsare idon bai mutu ba, amma ga hakiya nan ta zauna a gefen baƙin idon, kuma likita ya ce ba za ta tashi ba.

Ba mu kawo wannan labari don mu yi wa 'yar'uwarmu dariya ba, da izininta ma muka kawo shi. Tambayar da ta yi tambaya ce ta mai hankali, kuma za mu amsa ta. Abin da ya dame mu shi ne yadda aka yi hankalin tsararmu ya tsaya a kan fatar da ke bakin ido, ya tsallake idon kansa.

Shi dai wannan tabarau ba don kwalliya aka ƙago shi ba. A shekarar 1888 wani likitan ido Bajamushe mai suna Adolf Fick, yana aiki a birnin Zurik, ya gwada ɗora ƙoƙon gilashi a kan ƙwayar ido, da farko a idon zomaye, daga baya a nasa. Gilashin yana da nauyi, ba mai iya jure shi sai na 'yan sa'o'i. Aka yi shekaru fiye da saba'in ana fama, har zuwa ƙarshen 1961, lokacin da wani masanin haɗa sinadarai a birnin Firag, Otto Wichterle, ya ƙera irin mai laushin nan a cikin gidansa, da wani ɗan inji da ya harhaɗa daga kayan wasan yara. Sai a 1971 hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta yarda kamfanin Bausch & Lomb ya fara sayar da shi. Duk wannan wahala an sha ta ne saboda masu larura: wanda ganinsa ya yi raunin da gilashin fuska zai yi masa kauri kamar gindin kwalba, da wanda saman baƙin idonsa ya tsiro kamar kan ƙwai, da ɗan wasan da ba zai iya gudu da tabarau ba. Ga irin waɗannan mutane abin rahama ne, kuma ba mu da ja a kansa. Likita ne ke auna musu, ya koya musu sakawa da cirewa, ya sa musu ranar dawowa.

To, mu koma kan tamoji. Fatar da ke rufe ido ita ce mafi rashin kauri a duk jikin ɗan Adam, ba ta kai milimita 1 ba, kuma ba ta da maiƙo sosai. A ƙarƙashinta akwai wata tsoka da ta zagaye ido kamar zobe, ita ce ke rufe shi. Mutum yakan ƙifta ido wajen sau 15 a minti guda, wato idan ya yi sa'a 16 a farke ya ƙifta fiye da sau 14,000. Ƙara da dariya, da ɓata rai, da ƙanƙance ido. Kowane ɗaya daga cikinsu yana ninke fatar a wuri guda, kamar yadda ake ninke takarda. Fatar yaro tana komawa daidai nan take, saboda zaren da ke cikinta, wanda masana ke kira kolajin, yana da yawa kuma yana da ƙarfi. Da shekaru suka ja sai zaren ya ragu, ninkin ya zauna. Abubuwan da aka tabbatar suna gaggauta wannan raguwa su ne zafin hasken rana, da hayaƙin taba, har da shisha da samarinmu suka mayar abin burgewa, da yawan murza ido. Yanzu sai a ɗora wannan a ma'auni ɗaya, a ɗora jan fatar ido na daƙiƙa biyar safe da yamma a ɗaya ma'aunin. Wanda ya iya sakawa, ya riƙe fatar da tattausan yatsa, ba shi da abin tsoro ta wannan fuska. Amsar tambayar amarya ke nan, kuma da a ce illar abin ta tsaya nan, da ba mu ɓata takarda ba.

Hasali ma mu baƙar fata an ba mu gado a wannan wuri. Baƙin da ke jikinmu laima ce, shi ya sa za ka ga dattijuwa a Sakkwato ta aurar da jikoki amma fuskarta sumul, alhali tsararta Baturiya ta daɗe da yamutsewa. Abin da Turawa ke kashe dukiya suna nema, mu da shi aka haife mu. Amma dubi abin da muke yi da gadon.

Na farko dai, muna ƙanƙance ido daga safe har dare. Rabin laifin na garinmu ne. Duk wanda ya hau kabu-kabu daga Gidan Dare zuwa Runjin Sambo da azahar a watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, hasken rana yana dukan kwalta yana dawowa fuska, ya san ba a buɗe ido a buɗe. Idan hunturu ya kama kuma, ga hazon nan da iska ke kwasowa tun daga ƙwarin Bodele a ƙasar Cadi, ya cika hanci da ido. Ɗaya rabin laifin kuwa namu ne. Ku leƙa layin baya a kowane ɗakin lacca, ku ga yadda ɗalibai ke tattare fuska suna matse ido domin su hango allo. Da yawansu ba su san cewa sauran mutane suna ganin rubutun tangaram ba. Waɗansu kuma sun sani sarai, an ma taɓa auna su, amma tabaran yana cikin jaka ko ƙarƙashin katifa. Me ya sa? Domin tun muna firamare muka koyi kiran mai tabarau ido huɗu. Domin an gaya mana wai tabarau yana zurma ido, wai wanda ya fara sakawa ganinsa ƙara lalacewa yake yi, maganar da ba ta da tushe, illa dai wanda ya ɗanɗani gani sosai ba ya sake yarda da dishi-dishin da ya saba da shi. Domin kuma, mu faɗa wa kanmu gaskiya, budurwa tana tsoron kada dangin saurayi su ce an kawo musu mai naƙasa. Haka ƙaramin ma'aikaci zai wuni a gaban kwamfuta yana matse ido, kansa yana sarawa, ya sha maganin ciwon kai ya koma. Ashe ke nan abin da muke gudu don kada ya ɓata mana fuska, shi ne zai hana fuskar tattarewa. Tabarau na awo ga mai bukata, baƙin tabarau na ƙwarai mai tare hasken rana ga mai yawo a rana, da malfa ko inuwar mayafi, sun fi duk wani mai da ake tallarsa a waya, ga su kuma da sauƙin kuɗi.

Na biyu kuwa ya fi muni, shi ne bilicin. A wani rahoto da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2011 an kawo ƙiyasin cewa kashi 77 cikin 100 na matan Nijeriya suna shafa man ƙara hasken fata. Ko da mun zubar da rabin wannan adadi don gudun musu, abin da ya rage ya isa abin kunya. Kuma kada maza su yi murmushi, mun san samarin da gaɓoɓin yatsunsu suke tona musu asiri. Abubuwa uku aka fi samu a cikin irin wannan mai: zaiba, wadda ke cin ƙoda, da haidirokwinon, da kuma sitiroyid mai ƙarfi wanda asalinsa maganin ciwon fata ne na 'yan kwanaki. Shi sitiroyid aikinsa ne ya sa fata ta yi sirara, har jijiyoyi su bayyana. To, yaya ke nan idan an shekara ana shafa shi a wurin da dama can bai kai milimita 1 ba? Bai tsaya a fata ba, yana ratsawa ya shiga ido, ya jawo hawan jinin ido, ciwon da ke cinye gani a ɓoye ba tare da zafi ba, ya kuma jawo yana. Haidirokwinon kuma idan aka daɗe ana shafa shi sai ya juya, ya bar baƙin tabo a kan kumatu da gefen ido, irin wanda hoda ba ta rufewa. An kware laimar, an bar fata tsirara a ranar Sakkwato, sa'an nan a dawo ana tambaya ko jan fatar ido zai kawo tamoji! Masu hali daga cikinmu har sun fara zancen allurar Botox da ake yi a Legas da Abuja. Guba ce da ke sanƙarar da tsoka, wadda Amurka ta fara amincewa da ita a 1989 don gyaran idon harara-garke, sai a 2013 ta amince a yi ta don tamojin gefen ido. Wata uku zuwa huɗu take yi ta sake, a koma a sake biya. Mun bar wannan ga masu albashin da zai ɗauka.

Yanzu bari mu shiga cikin idon, inda ba wanda ya yi tambaya a ɗakin amarya. A saman baƙin ido akwai wani tantani garai-garai, kaurinsa kamar rabin milimita, ta cikinsa haske ke shiga. Allah ya halicce shi ba jijiyar jini ko ɗaya, don kada ta tare gani, saboda haka numfashinsa daga iskar waje yake samu, ta cikin hawayen da ke jiƙa shi. Duk abin da aka ɗora a kansa ya rage masa iska, mai launi kuwa, musamman na araha, ya fi ragewa, domin fenti ne aka shimfiɗa a jikinsa. Idan aka rufe ido aka yi barci da shi, iskar ta ƙara yankewa ke nan, ga ɗumi ga laima, ƙwayoyin cuta sun samu ɗaki. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ce barci da tabaran cikin ido yana ninka haɗarin kamuwa da ciwo sau 6 zuwa 8. Daɗin daɗawa, ido ba hular kanti ba ne da za a ce ɗaya ta shiga kowane kai. Kowane ido da irin lanƙwasarsa. Wanda ya matse yana shaƙe tantanin, wanda ya yi sako-sako yana gogarsa. Ƙwayar ƙura guda da ta shige ƙarƙashinsa a kan kabu-kabu, kowace ƙiftawa sai ta karce wurin, kuma ta wannan karcewa cuta ke shiga. Akwai ƙwayar cutar da ke iya huda wannan tantani cikin kwana ɗaya ko biyu.

Sai maganar ruwa, wadda ita ce ta fi shafarmu. Akwai wata ƙwayar halitta da ake kira akantamiba, tana zaune a cikin ruwan famfo, da na rijiya, da na tanki, da ƙasa. A sha ta a ruwa ba ta cika yin kome ba, amma idan ta maƙale tsakanin faifan nan da ido, sai ta shiga cin tantanin, da azabar da masu ita ke cewa ba su taɓa jin irinta ba, kuma maganinta watanni yake ɗauka. A ƙasashen da famfo ba ya ɗaukewa ma, likitoci sun hana a kusantar da wannan tabarau ga ruwa, ko wanka ba a yi da shi. Ina ga mu da muke sayen jarka daga 'yan garuwa, mu zuba a randa ko a baho ya kwana uku? Ruwan leda ma, ko ya yi kyan sha, bai zama ruwan wanke abin da za a sa a ido ba. Akwai ruwan magani na musamman da ake jiƙa shi a ciki, a zubar a sake sabo kullum, kuma shi ne abin da mai neman araha yake fara yankewa daga lissafi. Mu kuma mutane ne masu alwala sau biyar a rana. Malamai sun ce cikin ido ba ya daga abin da aka wajabta wankewa, saboda haka mai larura zai iya rufe ido ya wanke fuskarsa. Amma wace mai kwalliya ce ta taɓa zaunar da amarya ta yi mata wannan bayani, ko ta ce mata ta tsane hannu sarai kafin ta taɓa ido? Balle a zo ga aro. Mun ga ƙawaye huɗu suna karɓa-karɓa da ƙoƙo ɗaya, yau wannan ta sa ruwan zuma ta je suna, gobe waccan ta sa ta je ɗaukar hoto. Waɗanda suka ga yadda afolo ke zagaye ɗakin kwanan ɗalibai cikin mako guda ba sa bukatar mu ƙara musu bayani.

Wanda ya ga idonsa ya yi ja, ko yana zafi, ko yana gudun haske, ko gani ya dushe, alhali yana sa wannan abu, to ya cire shi nan take, ya tafi asibitin ido a ranar, ya riƙa faifan da ƙoƙonsa domin a bincika. Kada ya biya ta kemis, domin da yawa daga magungunan ɗigawa da ake miƙo wa mai jan ido akwai sitiroyid a ciki, yana kwantar da jan, cutar kuwa ta samu sarari. Idan tantanin ya mutu, gyaransa sai dashe daga idon mamaci, kuma masu ba da irin wannan kyauta a ƙasarmu ba su da yawa.

Mun san abin da za a ce mana. Za a ce kwalliya ba yau aka fara ba, kakanninmu ma sun sa kwalli, sun yi lalle, sun ci fure, kuma ido na mai shi ne, ba na ƙungiyar ɗalibai ba. Mun yarda da yawancin wannan. Ba mu daga cikin masu ganin duk lalacewar zamani a jakar mace take, alhali mazan da ke wa'azin su ne ke tsayawa kallon hoton mai idon mage a waya. Wanda ya raina budurwa don ta sa tabarau, ya yaba wadda ta sauya launin ido, yana da kaso a cikin hakiyar nan. Sai dai muna da tambaya: me ya sa launin da ake nema kullum shuɗi ne, ko kore, ko ruwan toka? Kakanninmu da suka wasa mace da fararen idanu, dara-dara, baƙin ya yi baƙi farin ya yi fari, ba su san kyau ba ne? An sauke tutar Ingila tun 1960, amma ga jikokin waɗanda suka ga saukarta suna fenta idonsu ya yi kama da na Bature.

Shi ma kwallin da aka kafa hujja da shi, ba za mu ƙyale shi ba don na gida ne. Sa tozali sunna ce, ba mai musu, amma dutsen da ake niƙawa ana ɗurawa a tandu a kasuwanninmu sau da yawa dutsen dalma ne. A 2011 likitoci a birnin Boston na Amurka sun sami gubar dalma a jinin wani jariri ɗan wata shida, ɗan 'yan Nijeriya. Da aka bi sawu sai aka tarar daga kwallin da ake sa masa ne, wanda aka kai daga gida, da aka auna shi kuwa kashi 82.6 cikin 100 dalma ce. Mu nan ba sai an gaya mana abin da dalma ke yi wa yaro ba. A 2010 ta kashe yara wajen 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, a Zamfara da ke cikin tsohuwar Jihar Sakkwato har zuwa 1996. Can daga niƙan dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar jariri take taɓawa. Babba mai son tozali ya nemi wanda aka tabbatar ba dalma a ciki, jarirai kuwa a bar musu idonsu haka nan. Wadda ta haɗa garin kwalli da tabaran cikin ido kuma, ta zuba wa kanta yashi a ƙarƙashin faifai da hannunta.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne a wace ƙasa ake wannan wasa. Binciken makanta da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin 100 na waɗanda suka kai shekara 40 makafi ne, wato mutum fiye da miliyan 1, kuma kashi 84 cikin 100 na wannan makanta da an iya hana ta ko a warkar da ita. Yanar ido ce kan gaba, kuma yankinmu na arewa maso yamma ya fi kowane yanki yawan makafin. Sakkwato da Kebbi da Zamfara sun daɗe cikin jerin wuraren da tarakoma ta yi wa katutu, ciwon nan da ƙuda da ƙarancin ruwa ke yaɗawa, wanda ke tattare fatar ido ta ciki har gashin ido ya juya yana sharar baƙin ido. Ƙungiyar Sightsavers ta yi shekaru tana aiki da gwamnatocin jihohin nan, ana rabon magani ana yi wa tsofaffi aiki. Wanene a cikinmu ba shi da wata Inna ko Gwaggo a ƙauye da ke tsige gashin idonta da matsefata don ta samu barci? Ita talauci ne ya karce mata ido. 'Yarta kuwa da aka sayar da akuya aka kai jami'a, ta ɗauki kuɗi ta sayi abin da zai yi mata irin wannan karcewar.

Doka ba ta rasa ba. Dokar soja mai lamba 34 ta 1989 ta kafa hukumar rajistar masu awon ido da masu haɗa tabarau, kuma aikin auna ido da ba da tabarau na waɗanda ta yi wa rajista ne da likitocin ido. Amurka ta yi doka a 2005 cewa ko wanda ba ya gyara gani, na launi zalla, kayan asibiti ne, ba a sayar da shi sai da takardar awo. A nan kuwa yana nan a kantin kayan shafa tsakanin jambaki da farce, ana aiko shi ta Instagram da WhatsApp, mai kabu-kabu ya kawo har ƙofar gida. Muna kira ga wannan hukuma, da NAFDAC mai kula da shigowar kayan asibiti, su leƙa waɗannan kantuna. Yayyenmu da ke ma'aikatar lafiya, wannan takarda ce da ɗayanku zai iya rubutawa ya ɗora a teburin maigidansa gobe da safe. Masu kwalliya kuma, waɗanda da yawansu 'yan'uwanmu ɗalibai ne masu neman kuɗin rajista, muna roƙonsu su tsaya a gira.

Amma babbar bukatarmu tana wuyan ƙungiyarmu. Kuɗin da ake kashewa a makon ɗalibai wajen hayar kujeru da makaɗa, a yanki wani abu a gayyato masu awon ido su zauna kwana biyu a harabar makaranta. Ga sashen ido a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a cikin gari, ba sai an je Cibiyar Ido ta Ƙasa a Kaduna ko asibitin ido na ECWA da ke Kano tun 1943 ba. Allon haruffa ne da fitila da akwatin gilasai, kowane ɗalibi 'yan mintoci. A yi ciniki da masu haɗa tabarau a kan farashin ɗalibai. Wanda awo ya nuna lallai na cikin ido ya dace da shi, a tura shi inda za a auna masa a koya masa. Shugabannin ƙungiya da ke ɓoye nasu tabaran a aljihu, mun san su, su fara sakawa a ranar taro.

Ita dai 'yar'uwarmu ta dawo karatu bayan hutu, da farin tabarau a fuskarta. A wajen jinyar idon hagu ne aka auna na dama, sai aka tarar ashe dama can ba ta hangen nesa. Ta ce mana tun tana aji uku a sakandare ba ta taɓa karanta allo da kanta ba, a littafin ta kusa da ita take kwafa, kuma ta ɗauka kowa haka yake gani. Kuɗin tabaran bai kai rabin abin da aka biya mai kwalliya ba. Angon ne ya biya, ya kuma ce a auna nasa idon tun da an zo.